Daga arewacin Najeriya zuwa Yawunde da iyali: mota, jirgin ƙasa na dare, da lissafin da ya kamata ka yi tun a gida

Gidaje da yawa a Kano da Yola da Mubi suna da reshe a Kamaru: wani kawu a Garwa, wata goggo a Ngaundare, ƙanin maigida a unguwar Briketeri ta Yawunde ko a New Bell ta Duwala. Idan biki ko suna ya taso, mutum ɗaya yakan rataya jakarsa ya kama hanya, duk inda dare ya yi masa ya kwana. Ranar da aka ce da uwargida da yara za a tafi kuwa, lissafin ya sauya gaba ɗaya, domin kowane kuɗi sai an ninka shi da yawan kawuna, kuma duk daren da aka yi a hanya sai an biya ɗaki. Zan ɗauki misalin iyali mai mutum biyar, miji da mata da yara biyu 'yan makaranta da goyo ɗaya, in bi tafiyar da su tun daga takardu har tashar Yawunde.

Da farko ka san cewa babu layin dogo da ya haɗa Najeriya da Kamaru. Jiragen ƙasan da ke aiki a wajenmu, irin na Abuja zuwa Kaduna da na Legas zuwa Ibadan, duk a cikin gida suke tsayawa, layin Kano zuwa Maraɗi da aka aza harsashinsa a 2021 kuma Nijar ya nufa. Saboda haka hanyoyi biyu ne a gabanka. Ko ku bi mota ta Adamawa ku tsallaka zuwa Garwa, ku gangara Ngaundare ku hau jirgin ƙasa na dare, ko ku bi jirgin sama ta Legas ku sauka Duwala. Ni ta farko nake bi, kuma ita zan fi tsayawa a kai.

Mataki na ɗaya: takardu, wata biyu kafin ranar tashi

Abin da ya fi cinye kuɗin matafiyi a wannan hanya shi ne takardar da ya bari a gida. Kowane shinge da aka tsayar da ku aka ga wani abu bai cika ba, lokaci zai tafi, aljihu ma zai yi sauƙi.

Kamaru ba ta cikin ECOWAS. Tana cikin ƙungiyar ƙasashen tsakiyar Afirka ne, don haka ƙaramar takardar tafiya ta ECOWAS da kake shiga Benin ko Gana da ita, kada ka dogara da ita a nan. Fasfo za ka nema. Abin daɗin shi ne ɗan Najeriya ba ya bukatar biza idan zamansa bai wuce kwana 90 ba. Kowane mutum da nasa fasfo, har goyon da ke bayan uwa, kuma a duba kada ya rage ƙasa da wata shida ya ƙare. Tun 1 ga Satumba 2025 kuɗin fasfo mai shafi 32 na shekara biyar ya koma naira 100,000, mai shafi 64 na shekara goma kuma naira 200,000. Ga iyalin da babu mai fasfo ko ɗaya, naira 500,000 ke nan kafin a taka ƙofar gida. Wannan kuɗi ne mai nauyi, amma ka raba shi a ranka kan shekara biyar, kuma ka yi wa yara mai shafi 32. Ana neman lambar NIN ga kowa, yara kuma sai da takardar haihuwa ta hukumar ƙidaya ta ƙasa da wasiƙar amincewar iyaye. Ka tabbata sunan da ke NIN da na takardar haihuwa sun zo ɗaya harafi da harafi. Muhammad a nan, Mohammed a can, ya isa ya ja maka makonni.

Sai katin rigakafin shawara, wanda kowa ke kira yalo kad. Ma'aikatan lafiya na tashoshin shiga da fita ne ke bayar da shi, a filayen jiragen sama da ofisoshinsu na jihohi, bayan an biya ta intanet. Katin ba ya fara aiki sai allurar ta kwana goma, don haka wanda ya je ana jibi tafiya ya makara. Tun 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce allura ɗaya ta wadatar har ƙarshen rai. Yara ana yi musu ita a wata tara cikin rigakafin da aka saba, saboda haka ka tafi da katin asibitin yaro a matsayin shaida lokacin karɓar nasa.

Idan uwargida ce za ta tafi da yara kai kana gida, ka rubuta mata takardar amincewa, ka yi rantsuwa a kotu a buga hatimi, ka haɗa da kwafin fasfonka da lambar wayarka. Jami'an iyaka suna sa ido sosai kan safarar yara, kuma mace da yara uku ba tare da uba ba za ta sha tambayoyi. Haka nan idan kun ɗauko ɗan riƙo ko ɗiyar ɗan'uwa: takarda daga iyayenta na asali.

A ƙarshe ka yi kwafi bibbiyu na komai, ka ɗauki hotonsu a waya. Na asali su zauna a jaka ɗaya a jikin mutum ɗaya.

Mataki na biyu: ka auna hanyoyin biyu daga ƙofa zuwa ƙofa

Kuskuren da aka fi yi shi ne a kwatanta tikiti da tikiti. Ɗauki takarda ka ja layi a tsakiya, ka rubuta duk abin da za a kashe daga ƙofar gidanka zuwa ƙofar mai masaukinka.

A ɓangaren jirgin sama, daga Kano ko Yola sai kun fara zuwa Legas ko Abuja, sannan ku kama na Duwala, kai tsaye ko ta Lome idan kamfanin ASKY ne. Yaro daga shekara biyu zuwa sama kujera yake biya, kuma harajin filin jirgi, wanda ke cin kaso mai yawa a tikitin ƙasashen yankinmu, ba ya raguwa sosai don fasinja yaro ne. Goyo ɗan ƙasa da shekara biyu yakan biya kusan kashi goma cikin ɗari na kuɗin babba, a cinya. Wato kujeru huɗu sau jirgi biyu, zuwa da dawowa. Ƙara kuɗin mota tsakanin tashar jiragen cikin gida da ta ƙasa da ƙasa a Legas, da kwana ɗaya a otal idan lokutan ba su haɗu ba, sannan daga Duwala zuwa Yawunde akwai tafiyar kusan kilomita 240. In kuwa tikiti biyu daban-daban ka saya, jirgin farko ya yi latti na biyu ya tashi, babu wanda zai maido maka ko sisi. A lokacin hunturu, daga Disamba zuwa Fabrairu, hazo kan hana jirage sauka a Kano da Yola, don haka a bar tazarar kwana guda tsakanin jiragen biyu.

Jirgin sama yana da ranarsa. Idan akwai tsoho marar ƙarfi, ko mai tsohon ciki, ko rasuwa aka yi ana sauri, shi ne hanya. Mai ciki ta tafi da takardar likita, domin kamfanoni kan nema daga wajen mako 28, kuma yawanci ba sa ɗauka bayan mako 36. Akwai ma hanyar tsakiya: ku tsallaka Garwa ta mota, ku hau jirgin cikin gida na Camair-Co zuwa Yawunde. Yakan fi zagayen Legas sauƙi nesa ba kusa ba.

Amma ga iyali masu lafiya da ke da kwana uku na tafiya, mota da jirgin ƙasa sun fi araha, kuma yara sun fi jin daɗinsu.

Mataki na uku: wace iyaka?

A taswira iyakoki suna da yawa, sai dai da iyali zaɓin kaɗan ne. Banki da Gamboru a Borno suna yankin da rikicin Boko Haram ya daɗe yana addaba. Mfum a Kuros Riba tana da kwalta mai kyau da sabuwar gada, amma tana shigar da kai yankin masu magana da Ingilishi, inda ake rikici tun 2016, har ana tilasta zaman gida ranar Litinin. Ban ga dalilin kai yara can ba.

Abin da ya rage shi ne Adamawa: Sahuda ta bayan Mubi, wadda ke fitar da kai Bukula da Gidar sannan Garwa, ko Belel, ko Gurin ta wajen Fufore. Wacce ta fi a cikinsu ya danganta da lokacin shekara. Da damina wasu hanyoyin kan zama laka, rafuka su cika, tafiyar awa huɗu ta koma wuni. Matambayi ba ya ɓata: ka kira wani a Jimeta ya leƙa tashar Jambutu ya tambayi direbobin da suka dawo a makon nan, ka kuma tambayi danginka na Garwa. Tambaya biyu za ka yi, yaya hanya, kuma akwai jami'an shige da fice masu buga hatimi a wurin?

Wannan hatimin kada ka yi wasa da shi. A buga muku na fita a ɓangaren Najeriya, a buga na shiga a ɓangaren Kamaru, kowane fasfo ka buɗe ka gani da idonka. Za ka samu mai babur ko ɗan kamasho ya ce, "Alhaji, me za ka tsaya yi a layi da yara? Zo in zagaya da ku." Ka gode masa ka bi layi. A kusa da iyaka ba wanda zai kula, amma tsakanin Garwa da Yawunde akwai shingayen jandarma da 'yan sanda, kuma fasfon da babu hatimin shiga sunansa shigowa ba bisa ƙa'ida ba. Na taɓa zama mota ɗaya da wani bawan Allah da ya bi ta bayan gari. A shinge na uku aka sauke shi da matarsa da kayansu, mu muka wuce.

Ku isa iyaka da safe. Daga Kano zuwa Yola ta Gombe da Numan wuni guda ne cur, don haka kwanan farko a Yola ko Mubi, washegari da asuba a kama hanya, a yi azahar ko la'asar a Garwa. Agogo ɗaya ne da namu, ba sai ka gyara ba.

Mataki na huɗu: kuɗi

Sefa iri biyu ce, kuma mutanenmu na Katsina da Sakkwato da suka saba da ta Nijar suna faɗawa wannan rami. Darajarsu ɗaya, kowacce 655.957 ce a Yuro ɗaya, amma takardun daban ne. Ta Nijar da Benin bankin BCEAO ne ke buga ta, ta Kamaru da Chadi kuma bankin BEAC mai hedikwata a Yawunde. Mai shago a Garwa ba zai karɓi ta Nijar ba. Idan kana canji a Wapa ta Kano ko a Jimeta, ka ce sefar Kamaru, ka duba rubutun da ke jiki.

Ka canza abin da zai kai ku Garwa tun a gida, sauran ka kwatanta farashi a can. Ka nemi ƙananan takardu na 500 da 1,000 da 2,000, domin canji yana wahala ƙwarai, mai tasi ko mai ayaba ba zai fasa maka 10,000 ba. A raba kuɗin gida biyu, rabi wurinka rabi wurin uwargida. Katin bankinka na naira ka ɗauke shi a matsayin na ko-ta-kwana kawai. Abin da ya fi amfani shi ne ka sayi layin MTN na Kamaru ko Orange da fasfonka a Garwa, a buɗe maka asusun kuɗi na waya, ka zuba wani abu a ciki. Layinka na gida kuma ka kashe masa data tun kafin ka tsallaka, in ba haka ba kuɗin da ke ciki zai ƙare kafin ka gama gaisawa da mutane. Soket ɗinsu mai ƙafa biyu zagayayyu ne irin na Faransa, ka sayi mahaɗi ɗaya a kasuwa.

Wani abu kuma: a ƙasashen sefa 'yan kasuwa da yawa da dala suke ƙirge, dala ɗaya sefa biyar. In aka ce maka dala ɗari, 500 ake nufi. Idan ka rikice, miƙa wayarka a rubuta maka lambar.

Mataki na biyar: Garwa zuwa Ngaundare, da sayen tikiti

Tsakanin garuruwan biyu kusan kilomita 280 ne. A Kamaru kamfanonin motoci, waɗanda suke kira ajans, kowanne da tasharsa da teburin sayar da tikiti, irin su Touristique Express da Danay Express. Ana rubuta suna, ana ɗaura wa kaya lamba. Ku ɗauki motar farko ta safe. Hanyar tana bi ta gefen gandun dajin Binuwai, sannan ta hau dutse mai lanƙwasa kafin a kai tudun Adamawa, inda manyan motoci ke tafiya kamar hawainiya. Yaron da mota ke sa wa amai, a zaunar da shi kusa da taga, a rage masa abinci mai maiƙo.

Ngaundare tana sama da mita 1,000 daga teku, da sanyi da dare ko ba hunturu ba, don haka rigunan sanyin yara su kasance a saman jaka. Fulatanci ne harshen gari, Hausa kuma tana ci a kasuwa da tasha. A teburin tikiti Faransanci ake yi, amma da wuya ka rasa mai fassara maka.

Layin dogon nan an kammala shi a 1974, tsawonsa daga Ngaundare zuwa Yawunde kusan kilomita 620, kuma kamfanin Camrail ke tafiyar da shi tun 1999. Jirgin fasinja yana tashi da daddare, wajen magariba zuwa isha, ya kwana yana tafiya ta Ngaundal da Belabo da Nanga Eboko, ya shiga Yawunde da hantsi. Awa goma sha uku zuwa sha huɗu idan komai ya tafi daidai, kuma layi ɗaya ne da jiragen kaya, saboda haka latti ba abin mamaki ba ne. Kada ka sa wani muhimmin abu a safiyar isarku.

Aji huɗu ne. Akwai kujerun aji na biyu, da kujerun aji na ɗaya, da ɗaki mai gado huɗu, da ɗaki mai gado biyu. Gadajen su ake kira kushet. Farashin da aka daɗe ana biya shi ne sefa 10,000 a aji na biyu, 17,000 a aji na ɗaya, 25,000 kowane gado a ɗaki mai huɗu, 28,000 a ɗaki mai biyu. Ka sa danginka su tabbatar maka da na yau, su kuma tambayi rangwamen yara, da takardar haihuwa a hannu.

A nan ne nake saɓa wa masu cewa a ɗauki mafi araha. Kujeru huɗu a aji na biyu 40,000 ne, gadaje huɗu kuma 100,000. Bambancin 60,000 ba ƙaramin kuɗi ba ne. Amma aji na biyu cunkoso ne, fitila a kunne har safe, masu talla da masu wa'azi da masu maganin gargajiya suna kai da kawo, kai kuma ido biyu kana gadin kaya, uwargida da goyo a cinya awa goma sha huɗu. Idan kuka sayi gadaje huɗun gaba ɗaya, ɗakin ya zama naku: ku rufe ƙofa, uwargida ta cire mayafi ta shayar da yaro, kaya suna ƙarƙashin gado, kowa ya miƙe ƙafa. Daren nan dama da a otal za ku yi shi, ga shi kuna barci tafiya tana ci. In aljihu bai kai ba, aji na ɗaya ya fi na biyu nesa, ko a saya wa uwa da ƙananan yara ɗaki mai gado biyu, maigida da babban yaro su zauna a kujera. Yara ƙanana a gadon ƙasa, kada a ɗora su sama.

Gadaje su ke fara ƙarewa. Wanda ya iso da la'asar yana neman ɗaki na daren nan, sai dai sa'a. Mafita ita ce ka tura wa wani ɗan'uwa a Ngaundare hoton fasfunanku da kuɗi ya saya muku kwana biyu ko uku kafin ku iso, domin da suna ake sayarwa. Idan babu kowa, ku shirya kwana ɗaya a garin: ka sayi tikitin gobe yau, da safe ku kai yara su ga fadar Lamiɗo. A teburin tashar za ka saya, ka bar masu tare ka a bakin ƙofa. Lokutan da aka fi cunkoso su ne gab da Sallah ƙarama da babba, ƙarshen Disamba, da farkon Satumba lokacin komawa makaranta, ga kuma ɗaliban jami'ar Ngaundare. In biki bai ɗaure ka da rana ba, ka kauce musu.

Mataki na shida: daren jirgi

Ku isa tasha awa biyu kafin tashi. Ana duba tikiti da fasfo a ƙofa, manyan kaya kuma ana auna su a biya musu daban, don haka buhun tsaraba ya zama daidai misali. Turmin atamfa biyu da turare da kilishi tsaraba ne. Turmi ashirin kuwa ko a iyaka jami'an kwastan, waɗanda can ake kira duwan, za su ce fatauci ka zo.

Ku yi alwala ku haɗa magariba da isha kafin a shiga, matafiya ne ku. Ana sayar da abinci a jirgi, amma da tsada idan aka ninka da biyar. Dambun nama, burodi, dafaffen ƙwai, dabino, fulas na ruwan zafi da manyan gorunan ruwa sun wadatar. A jakar hannu a sa buta, sabulu, tocila, zanin rufa, maganin zazzaɓin yara da gishirin ORS. Bayan gida tun dare bai raba ba ya fi tsabta, a kai yara da wuri.

Duk tashar da aka tsaya, ko ƙarfe biyun dare ne, mata da yara za su taso da tire a ka suna kiran kayansu a bakin taga: zuma a gora, ayaba, abarba, fiya, da sandar rogo da ake naɗewa a ganye. A nan ƙananan kuɗin nan za su yi maka rana, kuma zumar Adamawa tsaraba ce da masu masaukinka za su yi murna da ita. Ka karɓi kaya kafin ka miƙa kuɗi, kada kowa ya sauka, kada a bar waya kusa da buɗaɗɗiyar taga. A hana yara ɗaukar hoton sojoji da gadoji da tashoshi. Gari na wayewa ka tashe su su leƙa: sun kwanta a ƙasar ciyawa da shanu, sun farka cikin kurmi.

A Yawunde masu ɗaukar kaya za su yi muku caa, ku yi ciniki kafin wani ya taɓa jaka. Tasin garin rawaya ne kuma na haɗaka: kana faɗin unguwa da abin da za ka biya, in direba ya yarda sai ya danna ham. Ku da kuke biyar da kaya, shata za ku ɗauka, can ana ce mata depo, a gama magana kan kuɗi kafin a shiga. Briketeri ba ta da nisa da tashar. Amma kafin ku fita, bar uwargida da yara a inuwa wurin kaya, ka koma teburin tikiti da fasfunan nan biyar ka sayi gadajen komawa.